Mataki na Tara

A gabansa Baba Mai Sito ake ce masa. A bayansa kuwa, daga leburori har direbobi, Sai-na-gani. Ya san da sunan, bai kuma taɓa nuna ya sani ba, domin yana jira ya gano wanda ya fara laƙaba masa shi da abin da yake nufi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a siton wani kamfani mai niƙa abincin kaji. Ya shigo yana saurayi, aikinsa ɗinke bakin buhu, ya bi layi har makullin sito ya zo hannunsa. A shekararsa ta biyu da riƙe makullin, wani direba ya kawo masara yana rantsuwa cewa busasshiya ce ƙayau, shi kuwa ya sa hannu bai buɗe ba, don ana kiransa a wani gefen. Da aka sauke, rabin motar ya jiƙe har ya fara ɗumi. Ba a kore shi ba, amma daga ranar ya daina karɓar magana a matsayin shaida. Yana da wani ƙarfe mai rami, tsawon kamu ɗaya, da yake soka wa buhu ya zaro na ciki, ya murza a tafin hannu, ya sansana. Idan direba ya ce taya ce ta fashe a hanya, sai ya je ya duba tayar. Idan lebura ya ce zazzaɓi yake ji, sai ya taɓa goshinsa. Dogo, direban da ya fi kowa daɗewa tare da shi, yakan ce ko "ina kwana" ka ce wa Baba, sai ya leƙa waje ya tabbatar gari ya waye kafin ya amsa.

Mutum ɗaya ce maganarta ke wucewa a wurinsa ba bincike, ita ce Auta. 'Ya'yansa huɗu, maza uku sun watse garuruwa neman na kansu, ita ce ƙarama kuma mace tilo. Ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a kamfanin ba tare da ya sa baki ba, har sai da ya yi kwana biyu yana bin diddigin ko wani ne ya sa bakin da wata manufa.

A shekarar da ta fara aiki ne kamfanin ya sayo wata babbar manhaja da ta haɗa aikin kowa wuri guda. Mai sayen masara, mai kula da injin niƙa, ɗakin gwaji, sito, bakin ƙofa, kowa ya shigar da nasa, na gaba ya gani. Kowane zubi da injin ya niƙa yana da lambarsa, kuma mota ba ta fita sai da takardar da manhajar ta buga. Leburori suka sa mata 'Yar Sa-ido. Waɗanda suka kafa ta sun ce a ba su mutum goma sha biyu su horas na mako biyu. Manajan wancan lokacin ya ce to wa zai tsaya wa inji, aljanu? Aka tura Auta ita kaɗai, a kan cewa in ta dawo za ta koya wa sauran a hankali.

A hankalin bai taɓa zuwa ba. Yau oda ta yi yawa, gobe inji ya tsaya. Kowane sashe ta nuna musu ɗan abin da zai fisshe su, tana tsaye, wani na kiranta. Akwai wani littafi mai kauri da ya zo da manhajar, amma bayanin yadda take a ko'ina ne, ba yadda aka tsara ta a nan ba, sai ya zama matashin ƙafar fankar sito. Yadda aka tsara ta a nan kuwa yana cikin kan Auta. Har gicciyen jan alli da Baba ke yi a kan tarin buhunan da ɗakin gwaji ya hana fitarwa aka ce a daina, tunda yanzu 'Yar Sa-ido ce ke sa wa irin wannan kaya takunkumi.

Takardun fitar mota ita take buga su da kanta, a wani teburin ƙarfe kusa da ƙofar sito, taku huɗu daga kujerar ubanta. Wata rana suna komawa gida ta ce masa, "Baba, kamfani guda a kan mutum ɗaya. In mota ta buge ni fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," ya ce. "Kama gefen titi."

Ba mota ba ce. Ciwon ciki ne da ta yi wata biyu tana cewa ba komai, sai likita ya ce ɗan ƙaramin aiki ne, kwana uku ta fito. Ranar da za ta tafi asibiti, lokacin hutun rana, ta yago takarda ɗaya ta rubuta masa yadda ake buga takardar mota, mataki goma sha huɗu, da sunanta na shiga da kalmar sirrinta a ƙasa. Ta zaunar da shi a kujerarta ta sa ya yi sau biyu a gabanta.

"Yau ni ce malamar. Kar ka ce sai ka gani, ga shi kana gani. A'a, da yatsa ɗaya, ba buhu kake ɗinkewa ba."

Manhajar da Turanci take magana, shi kuwa Turancinsa na jikin buhu ne, lamba da nauyi da kwanan wata. Don haka ta rubuta masa komai da inda abin yake: na sama, na uku daga ƙasa, na hagu. Mataki na tara ya ce: "Wani ɗan akwati rawaya zai fito. Maganar takardar firinta ce, kullum sai ya fito. Danna na hagu."

Kwana tara ta yi a asibitin. A na taran, da hantsi, yana riƙe da kofin shayin da ta ce a miƙo mata, ta rasu.

Ya koma aiki bayan mako guda, ya tarar da motoci sun yi layi har waje, ana rubuta takarda da hannu, masu gadi na ƙin karɓa. Ba wanda ya ce masa ya zauna a kujerar. Kowa dai ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya zauna, ya warware takardar, ya danna haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya. Sunan ya fito a kusurwar sama, kamar ta amsa. Firinta ta yi ƙara, takardar mota ta fito, a ƙasanta an buga wadda ta shirya, da sunan 'yarsa.

Manaja ya ce na ɗan lokaci ne, za a kira masu manhajar su buɗe wa Baba nasa sunan, su horas da mutane. Sai aka yi wa Manajan canjin wurin aiki. Wanda ya riƙe kafin a kawo sabo ya ce ba hurumina ba ne. Baba kuwa, mutumin da ke bin kowa da tuni kan igiyar ɗinki guda, bai taɓa tuna wa kowa wannan ba. Kullum ƙarfe bakwai da rabi yana buga sunan. Ba ya faɗa a gida. Cikin wata biyu ya haddace matakan, ya naɗe takardar a leda ya mayar da ita aljihun ƙirji.

Wata huɗu da zuwan sabon Manaja, wata mata mai gonar kaji ta turo hotuna ta waya: kaji kwance birjik, ɗari bakwai cikin kwana biyar. Aka bi lambar da ke jikin buhunan, aka tarar zubi na ɗari huɗu da goma sha bakwai ne. Mai ɗakin gwaji, wanda leburori ke kira Likitan Kaji, ya samu gubar fumfuna a masararsa tun ranar niƙa, irin wadda ba ta wari, ya kuma sa masa takunkumi a manhaja. Duk da haka buhu tamanin sun fita a motar Dogo.

Manaja ya sauko sito da kansa, takarda a hannu. Mutum ne mai sauri, da ke fara magana tun daga bakin ƙofa.

"Manhaja ta ce an cire takunkumi ranar Talata, goma da minti goma sha biyu. Ga sunan wadda ta cire. Wace ce wannan? A kira min ita."

Leburori suka daina ɗora kaya. Dogo ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, kiran zai yi nisa."

"'Yata ce," in ji Baba. "Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarta."

Manaja ya dubi takardar, ya dubi tsohon, ya yi masa gaisuwar da ta makara da murya ƙasa-ƙasa. Sa'an nan, don aikinsa ne, ya tambayi yadda aka yi mamaciya ke buga takarda.

"Ni nake shiga da sunanta in buga takardar mota. Iyakar abin da na iya ke nan. Takunkumi kuwa ban san inda yake ba, balle in cire shi."

Kowa ya yarda da shi nan take, kuma yardar ce ta jawo masifar. In ba Baba ba ne, saura biyu: ko wani ya saci kalmar sirrin, ko kuwa ita marigayiyar ce ta bar wata kafa da rubabben kaya zai riƙa bi. Likitan Kaji ya faɗa a wurin cin abinci, ba da mugunta sosai ba, don dai kada a dube shi: "Ni dai na sa takunkumi. Wanda ya ɗinka riga shi ya san inda ya bar aljihu." Kafin maganar ta kai bakin ƙofa ta yi ƙafa da hannu. An ce ta haɗa baki da masu kawo masara. An ce ai dama yarinya ƙarama a ba ta kamfani guda. A rana ta uku maganar ta iso layin gidansu.

Ya tarar da uwar yaran zaune a tsakar gida, tana ninke wankin da ta riga ta ninke.

"Malam, yau na je shago, matar nan mai ɗinki ta ce min Allah ya yafe wa Auta." Ta ɗaga kai. "Ya yafe mata me? Tana raye ba a taɓa kawo min ƙararta ba, ko ta kwasar mangwaro. Sai yanzu da ba ta da baki."

"Wani ne," ya ce. "Zan kama shi."

Ya shiga farauta. Idan zai tashi daga teburin sai ya barbaɗa garin dusa siriri a kan madannan, ya dawo ya duba ko yatsa ya taɓa. Ya ɗaura zare a hannun aljihun teburin. Ya fara zargin Likitan Kaji, wataƙila bai sa takunkumin a kan lokaci ba yake neman mafaka. Ya zargi mai kula da inji, da ya ga ya sayi sabon babur. Ya zargi masu gadi. Har Dogo bai tsira ba.

"Kai ka cika tsayawa a bayana in ina dannawa."

"Ni? Baba, wayata ma 'yata ce ke buɗe min. Iskar fanka nake bi."

"Kuma a motarka kayan suka fita."

"A motata suka fita, da takardarka a hannuna. Shekara ashirin ina cin goronka... to, ina shan shayinka. In zan yi sata ai da na fara da butar."

Kwana shida, garin dusa bai nuna yatsan kowa ba sai nasa.

Sai kamfanin manhajar ya aiko wata mata, ba ta fi Auta da shekara biyar ba, da takalmi maras tsini da littafin rubutu a hannu. Aka ce ta zo ta binciki abin da ya faru, ta kuma horas da ma'aikata. Kowa ya kira ta Malama. Baba ya yi lissafinsa tun kafin ta ajiye jaka: kamfaninsu ba zai ce manhajarsa ce ba, namu ba zai ce sakacinsa ne ba, in an cire biyun wa ya rage? Wadda ba za ta tashi ta musa ba.

"Baba, akwai wani abu a rubuce da kake bi in za ka buga takarda?"

"Babu."

Ya manta rabon da ya yi ƙarya kai tsaye haka. Ledar na aljihunsa, yana jin gefenta a ƙirji. Amma ya san masu bincike: ka ba su takarda su karanta abin da suka zo da shi.

Ba ta matsa ba. Ta yi kwana uku tana zagaya sassa, tana zama kusa da kowa tana kallon hannunsa. Abin da ta tarar ya zama abin dariya a wurin cin abinci. Mai ma'aunin mota ya shekara yana shigar da kowace masara da sunan mutum ɗaya, don shi ne na farko a jerin. Wani a sashen inji yana kashe kwamfuta ya kunna sau biyu kowace safiya, don ya taɓa ganin Auta ta yi haka ranar da wuta ta yi wasa. Kowa da abin da ya tsinta, ba wanda ya san dalili. Baba bai yi dariya ba. Ya ce a ransa tana tattara shaidar cewa Auta ba ta koyar da kowa komai ba.

A rana ta huɗu ta jawo kujera ta zauna gefensa.

"Yi aikinka kawai, kamar ba na nan."

"Ai kina nan."

"To yi kamar ina nan."

Abin da bai sani ba shi ne, da safe ta sa Likitan Kaji ya ɗora takunkumi a kan wani zubi mai lafiya, da sanin Manaja, kuma daga zubin nan ne odar da ke gabansa. Ya bi matakansa da yatsa ɗaya, ba gargada. Akwatin rawaya ya fito, ya danna na hagu. Ya sake fitowa, ya sake danna na hagu. Firinta ta fara ƙara.

"Baba, sau nawa akwatin ya fito?"

"Sau biyu. Yakan yi haka."

"Sau nawa ya taɓa yi maka haka?"

Ya buɗe baki zai ce da yawa, sai halinsa ya hana shi. Ya lissafa. "Sau ɗaya," ya ce. Ya ɗauka hannunsa ne ya zame a ranar. Yana iya tuna cewa Dogo na tsaye a bayansa, a gaban fanka.

Ta soke takardar, ta ce ya sake daga farko, in akwatin ya fito karo na biyu kada ya taɓa. Ya fito. Girmansa ɗaya da na kullum, wurinsa ɗaya, launinsa ɗaya. Ta fara fassara masa, ya ɗaga hannu.

"Bari. Ba daga bakinki ba."

Ya sa tabarau, ya ɗauko bayan wata tsohuwar takarda, ya kwafi rubutun harafi bayan harafi. Ya ɗauki minti goma. Ya kulle sito da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya fita ƙofar kamfani, ya wuce shagon farko na masu buga takardu don suna gaisawa da masu gadi, ya shiga na uku, inda ba a san shi ba.

"Ɗana, me wannan ke cewa?"

Mai shagon ya karanta yana tauna biro. "Cewa yake, wannan kayan ɗakin gwaji ya riƙe shi. A sake shi duk da haka? Na hagu, a sake. Na dama, a bari. Na wane ne, Baba?"

"Nawa ne."

Ya dawo a ƙasa, a hankali, ta gefen da babu inuwa. Malama na nan inda ya bar ta. Ta yi masa bayani ba tare da ta dube shi sosai ba. Da a ce da sunan mai sito yake shiga, da akwatin ja ne zai fito, kuma ba abin da zai danna kayan su fita. Sunan Auta kuwa yana buɗe kowace ƙofa, don ita aka ba riƙon tsarin duka. Auta manhajar ke tambaya, a zatonta wadda ta san abin da take yi ce ke zaune.

Da yamma Manaja ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya ba shi kujera mai laushi. Baba ya zauna a bakin-bakinta.

"Baba, wata takwas ya rage maka ka huta. Ba na son takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗinka bayan shekara talatin da ɗaya. Za mu rubuta cewa kuskure ne daga yadda aka tsara manhajar tun farko. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya."

"Wa ya tsara ta tun farko?"

Manaja ya gyara biron da ke kan teburinsa. "Ba za mu sa suna ba."

"Ba sai kun sa ba. A layinmu ma sun sani."

"Ba abin da za ta rasa yanzu, Baba. Kai ne mai asara."

"Ka ba ni zuwa gobe."

Ba tayin ne ya hana shi amsawa ba. Mataki na tara ne. In ya ce shi ya danna, za a ce wa ya ce ka danna? In ya fito da takardar, ga rubutun hannunta: danna na hagu. Da hannunsa zai miƙa musu abin da suke nema. In ya ɓoye ta, ya ce ra'ayin kansa ne, ya yi ƙarya ta biyu a kan ta farko, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya danna abin da bai gani ba sai in wani ya gaya masa, kuma mutum ɗaya ce ke iya gaya masa.

Ya koma sito bayan an tashi leburori, rana na shigowa ta ƙofa a kwance. Ya warware ledar a kan gwiwarsa. Ya fi shekara bai buɗe ta ba, kuma ko a lokacin da yake buɗewa, daga lamba ta ɗaya idonsa ke farawa, don saman takardar ba ya iya kallonsa. Yanzu ya kalla. Kwanan wata ne, da layi biyu: "Baba, wannan na kwana uku ne kawai. Motoci takwas ne, na riga na duba kayansu duka. In wani abu ya zo daban, ka jira ni."

Ya karanta sau uku. Ya jira ta, a irin tasa hanyar. Sai dai bai tsayar da motocin ba.

Washegari, a gaban Manaja da Malama da wani mutum da ya zo daga hedikwata, ya ajiye takardar a kan tebur, ya ɗora yatsa biyu a gefenta bai ɗauke ba har aka gama karantawa.

"Ranar da Malama ta zo na ce mata babu rubutu. Akwai. Ga shi. Abu uku nake so a rubuta, da yadda zan faɗe su. Na ɗaya, ni na danna, ranar Talata, ban karanta ba. Na biyu, takardar nan ta kwana uku ce, ni na mayar da ita ta wata goma sha huɗu, kamfani kuma yana kallo. Na uku, an ce a horas da mutum goma sha biyu, aka horas da ɗaya."

"Na ukun ba lallai ne ya shiga ba," in ji mutumin hedikwata.

"Yana cikin nawa rahoton," Malama ta ce. "Da wasiƙu biyu da marigayiyar ta rubuta tana neman a ba ta mako guda ta koyar da mutane. Suna cikin manhajar, ba a amsa ba."

Baba ya juya ya dube ta. Bai san da wasiƙun ba. Ya so ya tambaye ta me za ta samu a ciki, sai ya fasa.

An ba shi takardar gargaɗi. An ɗauke shi daga buga takardar mota har sai ya yi horo kamar kowa. Ya tsaya aka buga rahoton, ya sa aka fassara masa shi layi-layi, ya sa aka gyara kwanan wata ɗaya da aka yi kuskure. An ɗauki hoton takardar Auta aka mayar masa da ita. A ranar, ƙarfe huɗu, Malama ta rufe sunan Auta a manhajar. Ta tambaye shi ko yana so ya tsaya a yi a gabansa. Ya ce yana da buhunan da zai duba a can ciki.

Horon ya ɗauki mako uku, kashi-kashi, don kada inji ya tsaya, kuma injin bai tsaya ba. Baba ya zauna a layin gaba yana hana ruwa gudu. Duk matakin da Malama ta rubuta a allo sai ya ce, "Don me?" In ta faɗa, ya ce, "In ya zo daban fa?" A rana ta biyu ta gaji ta ja layi biyu a littafin da take rubuta wa kamfanin, ta yi wa kowane mataki gurbin dalili da gurbin abin yi in ya zo daban, da wanda za a kira, mutum biyu ba ɗaya ba. Ya nace sai an dawo da gicciyen jan alli a kan kayan da aka riƙe. Ta ce manhaja na yi. Ya ce manhaja ba ta da ido a sito. Aka rubuta allin a shafi na goma sha ɗaya.

Rahoton kuwa ya kai wa uwar yaran tun ranar da aka buga shi. Ya gaya mata komai a tsaye, har da buga sunan kowace safiya, wanda shi ne ya fi yi masa nauyi.

"Da ka gaya min, da na ce ka riƙa gaishe min da ita," ta ce. Ta goge ido da bakin mayafi sau ɗaya. "To ita mai kajin fa?"

"Kamfani ya sasanta da ita."

"Ba shi na tambaya ba. Takardar da ke hannunta, sunan wa ke jiki?"

Bai yi wannan tunanin ba.

Ranar Asabar ya shiga gaban motar Dogo, da za ta bi ta wajen. Tafiyar awa biyu ce. Dogo ya ce in matar ta sako karnuka shi dai ba zai kashe mota ba. Gonar na ƙarshen wata hanyar ƙasa, dogayen ɗakuna huɗu masu waya, biyu cike da kuka, biyu a share, an yayyafa farar ƙasa. Matar ta fito da takalmin roba har gwiwa da bokiti a hannu. Da ta ga tambarin kamfanin a jikin motar ta ajiye bokitin.

"Na ce ba na son ganin motarku a ƙofata."

"Ba kaya muka kawo ba, Hajiya. Takardar da aka kawo miki buhu tamanin da ita, akwai suna a ƙasa."

"Na san shi. Na haddace shi. Kullum sai na ambace shi."

"Na 'yata ne. Ta rasu wata goma sha huɗu kafin a niƙa abincin nan. Ni na saki kayan, da sunanta, ban karanta abin da aka tambaye ni ba. In za ki ambaci wani, ga ni."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Ta dubi Dogo, wanda bai kashe motar ba. Ta leƙa bayan motar ko akwai wani da abin ɗaukar hoto.

"Lauyansu ne ya ce ka zo?"

"A'a."

"Manajan?"

"Bai san na zo ba."

"To wa ya aiko ka?"

"Uwarta."

Matar ta juya bokitin ta kife shi a inuwar katanga, ta nuna masa da haɓa.

"Zauna. Fara daga farko, kuma kada ka tsallake komai, don zan gane."